Ranar da Ummulkhairi Ta Nuna Surukarta da Yatsa

Yayata Ummulkhairi ɗinkin hula take yi a Zaitawa, kuma a yau duk matar unguwa da ɗanta ya yi jinkirin magana, ita take fara kai wa ta duba shi. Wanda ya san ta da can sai ya yi mamaki. Ni bakina ba ya hutawa, ita kuwa sai ta wuni da allura a hannu ba ka ji muryarta ba.

Da ta haifi ɗan fari aka sa masa Muttaka, sunan surukinta, sai kunyar ta zama biyu. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. In tana son ya zauna, ta nuna tabarma. In ƙishi yake ji, ya nuna randa, ta dubi randar, ta dube shi, ta tashi ta ɗebo. Haka suke hirarsu daga safe har la'asar.

Yaro ya wuce shekara biyu bai ce ko "Umma" ba. Kakarsa ta wajen uba, Hajiya 'Yardada ta Gwammaja, tana son jikan nan sosai, amma ta tsani nuni. Da ya miƙa yatsa sai ta buge hannun, wai ba a nuna mutane. Ƙarshe ta ce shirun uwar ne ya hana shi magana, za ta tafi da shi gidanta inda ake hayaniya, bakinsa ya buɗe. Ba wanda ya musa, tunda kaka ta ɗauki ɗan fari ba sabon abu ba ne.

Ranar tafiyar ina gidan, ina ta cika ina batsewa. Hajiya ta ƙulle kayansa a zani. Sai Ummulkhairi ta ajiye hularta, ta ɗauki wata tasar ƙarfe, ta zagaya bayan yaron ta sake ta a kan siminti. Kaji suka watse, ni ma na zabura. Muttaka bai ko waiwaya ba.

Ta dawo gabansa ta durƙusa. Ta nuna buta, sannan ta ɗaga yatsa ta nuna surukarta, abin da ko a mafarki ban zaci za ta yi ba. Yaron ya rungumo butar yana tangaɗi, ya dire a gaban kakarsa.

"Hajiya, ki gafarce ni," in ji Ummulkhairi. "Ɗana ba ya ji ne, amma yana ganewa. In aka hana shi nuni, an rufe masa baki."

Ɗana ta ce, ƙarara, a gaban uwar mijinta. Ban taɓa alfahari da mutum kamar yadda na yi da ita a lokacin ba.

Hajiya ta daɗe tana kallon butar. "Tun yaushe kika lura?"

"Wata biyar ke nan."

"Kika yi shiru?"

"Nauyinki nake ji."

Hajiya ta share ido da gefen mayafi. Ta ce gobe a kai shi asibiti. Sannan ta kwance ƙullin kayan, ta sauko daga kujera ta zauna a tabarma kusa da yayata.

"To, 'yar nan," ta ce, "koya mini yadda ake ce masa ya zo."