Ranar da Aka Rasa Mai Yi wa Inna Wanka

Kakata ta wajen uwa, wadda kowa ke kira Inna, ta fi shekara hamsin tana yi wa mata wankan gawa. Ranar da ta rasu, gida cike da mata, aka rasa wadda za ta tashi ta wanke ta. Na tsufa yanzu, na yafe abubuwa da yawa, amma wannan kam ban yafe ba.

A 'Yandoto aka haife ta, aure ya kai ta Tsafe. Ba wanda ya san shekarunta. Ita dai takan ce ta riga ta aurar da 'yarta ta fari sannan Nasara suka shigo ƙasar. Wankan nan ba sana'a ba ne gare ta, ko goro ba ta karɓa. Da an aiko an yi rasuwa, sai ta ɗauki ƙwaryarta da tsumma, ta tsinki ganyen magarya a hanya. Shekarar da sanƙarau ya shigo gari, lokacin da ɗa ke tsoron ɗakin uwarsa, Inna takan shiga gida huɗu kafin la'asar. Fulani na aikowa daga ruga, ta tafi da ƙafa. Uwata ma ita ta wanke ta da hannunta, ta fito ta goya ni.

Ga kuma sakayyar da aka yi mata. In ana biki, akushinta daban ake ajewa. Ranar suna ba a miƙa mata jariri, wai hannunta ya saba da gawa. Matar da Inna ta rufa wa uwarta asiri jiya, ita ce yau za ta janye ɗanta in Inna ta kai hannu. Ina gani, ina cin raina, ita kuwa sai dariya.

Abu ɗaya ta roƙa. "Ku taho ku ga yadda aka yi," in ji ta, "ni ba dawwama nika yi ba." Sai su ce, "Allah shi ja da ranki, Inna," su kama gabansu. Kada in wanke kaina, har ni. Sau biyu tana cewa in zo in riƙe mata buta, sau biyu ina ƙirƙiro ciwon kai. Ta dube ni ta ce, "Raguwa. Tuwo dai kin ka iya binnewa."

Da idonta ya fara rauni, 'yan shekaru kafin mulkin kai, kawuna ya ɗauke ta zuwa gidansa a Tudun Wada, a Gusau. Malamin sikeli ne a wurin awon gyaɗa, mutum mai ji da kansa, ya yi wa ɗakinta rufin kwano don a gani. Ya kafa mata doka: ba sauran wankan gawa, kada a riƙa nuna shi ana cewa ga ɗan mai wanka. Dokar ba ta yi wata ba. Matan unguwar suka gano ta, suka riƙa zuwa bayan ya fita aiki suna jan ta da sanda. Shekara uku tana yi musu wankan da lalube, ba wadda ta tsaya ta kalla.

Da damina Inna ta rasu, da hantsi. Ina aure a Bunguɗu, da ciki wata bakwai, direban wata motar gyaɗa ya kawo saƙo, shi ya koma da ni. Na iso bayan azahar. Maza a zaure sun gama ɗinkin likkafani, an gama haƙa kabari, hadari ya taso daga gabas. Na ɗauka an shirya ta, addu'a kawai zan yi mata. Na leƙa ɗaki na tarar da ita yadda ta cika, an ja zane an rufe ta, ko ruwa ba a ɗebo ba.

Mata sun fi talatin a tsakar gida, kowace na ba da labarin alherin Inna. Na tambayi matar kawu me ake jira.

"Mun aika Damba wurin wata tsohuwa," ta ce, "an ce ta tahi ganin ɗiyarta. Tsahe ko ba mota sai gobe."

"Cikin ku duka babu mai tashi?"

Nan aka fara rabon uzuri. Wannan ba ta da tsarki, waccan tana shayarwa, wata maigidanta bai ba ta izini ba. Wata mai ƙiba, wadda na san Inna ta wanke mata 'ya'ya mata biyu, ta ce, "Mu ba mu gada ba." Kawu kuma sai aikowa yake daga zaure, wai a hanzarta, ruwa zai cika kabari. Shi da ya hana a san uwarsa da wannan aiki, yau shi ke neman mai yin sa ruwa a jallo.

Na tuɓe mayafi na ɗaura ɗamara a saman ciki. Sai ga bakinsu ya buɗe. Mai ciki ba ta tsayawa kan gawa, ciki zai zube, ɗa zai zo ba daidai ba. Mai ƙibar nan har da riƙe mini hannu.

"To, Gwaggo, sake ni ki shiga," na ce.

Ta sake ni, ta koma ta zauna.

Wata Bafulatana da ta shigo tallar nono ta tarar da makoki, ita ce ta sauke ƙwaryarta ta biyo ni. Ta ce ba ta iya ba, amma za ta zuba mini ruwa. Liman ya zagayo ta bayan ɗaki ya tsaya jikin taga, ya ce zai riƙa faɗa ina yi.

Na yaye zanen. Ashe haka Inna ta ƙare ban sani ba, da hannu ɗaya na juya ta. Liman ya ce in naɗe hannuna da tsumma, na naɗe. Ya ce in yi mata alwala, na yi. Ya ce a fara da dama. Daga nan ruwa ya tsinke a kan kwanon, ban ƙara jin ko kalma ɗaya sosai ba. Ina jin muryarsa, ban san me yake cewa ba. Abin da na tsinta kawai shi ne a yi wankan sau uku ko biyar, kada ya tsaya a biyu ko huɗu. Ina cuɗa, ina kuka, ina zagin matan nan a zuci ɗaya bayan ɗaya, ɗan cikina na harbi. Sai na tsaya cak. Na tambayi Bafulatanar sau nawa muka yi. Ta ce uku, ta sake cewa ko huɗu. In huɗu ne, sai na ƙara ɗaya. In uku ne na ƙara, na ɓata. Aka buga ƙofa, an kawo makara.

Ban ƙara ba. Na tsane mata jiki, na kitse mata ɗan gashin da ya rage gida uku, na sa turare, muka naɗe ta.

Da aka fito da ita, matan suka fashe da kuka, har da masu birgima a taɓo. Wata ta dafa ni ta ce, "Kai, jini ba ya ɓuya, ashe kin iya." Na kauce na wuce, don da na buɗe baki da an yi abin kunya a gidan makoki.

Ɗan da suka ce zai zube ya zo lafiya lau, yau da jikokinsa. Na tambayi malamai daga baya, duk sun ce wanka ya yi, ba laifi. Ba hukunci nake tambaya ba. Matar da ba ta taɓa sallamar 'yar kowa da wankan shakka ba, ita ce ta tafi da wankan koyo, a hannun wadda ta ƙi riƙe mata buta. Uku ne ko huɗu, har yau ban sani ba, kuma mutum ɗaya da za ta iya gaya mini ita ce na wanke.