Takardar Gwajin da Ta Sa Mu Murna

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar yayata Rabi, kuma har yau zuciyata ba ta huce ba.

Tela ce a Jikwoyi. Ciwon ya fara ne daga yatsunta: ta tashi da safe sun sandare, ko almakashi ba ta iya riƙewa. Likita ya ce amosanin gaɓɓai ne, irin wanda garkuwar jiki ke juyowa tana yaƙar mai ita. Shekara shida tana fama, ni nake barin ofis in kai ta asibiti.

Wata rana aka yi mata gwajin kitsen jini, wanda suke ce wa kolestirol. Sakamako ya fito ƙasa sosai. Likitan ko ɗago kai bai yi ba, ya ce zuciyarta ta fi tasa lafiya, mu ji da gwiwa kawai. Yaya ta yi dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba. A hanya ta sa na tsaya muka sayi balangu.

"Ko ba komai, Sani," in ji ta, "akwai wuri ɗaya a jikina da bai ci amanata ba."

Daga baya ta sha yin kukan nauyin ƙirji da haki. Ni da bakina na ce mata gyambon ciki ne, ai takarda ta wanke zuciya. Wata tara da gwajin, ta yanke jiki ta faɗi a shago da hantsi, tef ɗin awo na rataye a wuyanta. Muna hanyar asibiti, cikin cunkoson Nyanya, ta cika.

Bara irin ciwon ya kama 'yarta Ummi. Likitar da ke duba ta ita ce ta yi mana bayanin cewa, a wannan cuta, idan kumburin cikin jiki ya tsananta yakan sa kitsen jini ya sauka, alhali jijiyoyin zuciya suna lalacewa a ɓoye. Na kai mata tsohuwar takardar Yaya. Ta jima tana dubawa, sannan ta tambaye ni ko an taɓa tura ta wajen likitan zuciya. Na ce a'a. Ta miƙo mini takardar.

Na yarda da ƙaddara, ajali ba ya jinkiri. Amma likitan da ke da mutum ɗari a layi ba ya sauraren haki, lamba yake karantawa, kuma har gobe haka layin yake. Da Yaya za ta ga yau, na san ba za ta zagi kowa ba. Tambaya kawai za ta yi, ko Ummi ta sha magani.

Wannan haƙurin nata ne ban gada ba. Ummi ce ta gada, tare da keken ɗinkin da ciwon. Duk ranar asibiti nakan zauna kusa da ita, idan ta ce ƙirjinta, ba na barin kowa ya wuce maganar. Allah Ya jiƙan Yaya, Ya yafe mini abin da na gaya mata.