Hayaƙin da Ya Kori Baba Daga Filin Shanya

Ranar Juma'a ce, jajiberin ranar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula a shekarar 1999. Ina 'yar shekara goma, ina tsaye a filin shanya da ke bayan Ƙofar Durbi, ina kallon mahaifina ya ɗaga farar babbar riga yana jujjuya ta. Baba sana'arsa wanki da guga, kuma duk masu shirin bikin rantsuwa a unguwarmu shi suka kawo wa kayan fitarsu. Tun da hantsi muka shanya su, sun sha shuɗi da sitaci. Kafin a sauko daga masallaci iska ta juya, baƙin hayaƙi ya sauko musu. Toka ce mai maiƙo, in ka kakkaɓe ta sai ta ja layi a jikin shadda.

Ni ce mai gadin shanya a lokacin. In na taso daga makaranta zan ja ruwa a rijiya, in danne bakin riguna da duwatsu, in hura gawayin dutsen guga, sannan in zauna ƙarƙashin dalbejiya muna carafke da ƙawayena, idona na kan awakin maƙwabta. Akuya kam na iya da ita, tsakuwa ɗaya ta ishe ta. Hayaƙi fa, da me zan jefe shi?

Rigar da Baba ya ɗaga ta sabon kansilanmu ce. Ya sake wanke ta har sau biyu, amma haskenta ya riga ya mutu, mai ita kuwa ya aiko da maganganu marasa daɗi. Da ƙura ta lafa Baba ya sa hularsa ya tafi ofishin kansilan, don an ce yanzu talaka na da bakin magana. Ya dawo ya zauna a kan turmi yana maimaita mana amsar da ya samu: "Malam Lawal, hayaƙi ba ya da uba. Tahi ka gano mani mai shi, sannan mu san mi za a yi."

Baba kuma, da yake mutum ne mai ɗaukar magana da gaske, sai ya kama hannuna muka shiga bin hayaƙi da ƙafa. Masu ƙona taya suna cire waya suka ce na masu narka gwangwani ne. Masu narka gwangwani suka rantse na kamfanin sarrafa leda ne. Maigadin kamfanin ko tashi bai yi ba, ya nuna mana juji da baki. Na hau tudun ganuwa in hango tushensa, sai na tarar duk hayaƙin ya haɗe a sama ya zama abu guda. Har yau in na tuna yadda suka riƙa wasa da hankalin dattijon nan, raina ɓaci yake yi.

Masu kawo wanki suka janye ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya zargi iska, cewa aka yi hannun Malam Lawal ya lalace. Ya koma shanya a tsakar gida kan igiya biyu, daga baya ya jingine dutsen gugar, tari kuma ya kama shi bai sake shi ba.

Yau aikina ke nan, duba hotunan da tauraron ɗan'adam ke ɗaukowa daga sama. Ina zaune a kujera zan bi baƙin zaren hayaƙi da yatsa har inda ya taso, in faɗi ranar da aka kunna wutar da inda iska ta kai shi. Ina rubuta rahoto, a karɓa a ce an gode, a jefa a durowa. Wani lokaci nakan matso da hoton daidai tsohon filinmu, wanda gidaje suka cinye, in ji da ma ina da wannan a hannuna ranar da muka dawo da ƙafafu duk toka. Yanzu na san yadda ake gano mai hayaƙi, amma Baba ba ya nan balle in faɗa masa laifin ba na hannunsa ba ne.