Alluran da sunka ɓata wa Gwaggo hannu

Jama'a, yau na kai Gwaggota magani, yanzu ni taka zargi!

Gwaggo Hassi ce, mai masa a Kebbe. Hannunta na dama ya daɗe da mutuwa, ko wuta ba ta ji. Na ɗauko ta a mashin zuwa Tambuwal, wurin wani mai alluran China. Tun daga ƙofa ban yarda da shi ba. Allurai sirara kamar gashi, babu magani ciki! Ya jera mata su daga gwiwar hannu zuwa yatsu.

Na ce, "Malam, ina ruwan allurar?"

Ya ce, "Jijiya nika tadawa."

Gwaggo ta ce ita dai tsamtsam taka ji.

Da munka koma gida ta aza tanda. Ta kai hannu ta ɗaga ta da zafinta, yadda ta saba. Sai ihu! Tanda ta faɗi, ta rabe biyu!

Ta dube ni tana hura yatsu. "Ɗan nan, gaya mini gaskiya, wace mai masa ta turo ku? Tada mashin, a mayar mini da hannuna!"