Mutumin Da Muka Kora Daga Zauren Da Ya Gina

Da hantsin ranar Talata, tara ga watan Maris, 'yarka ta kira ni a waya ta ce Allah Ya yi maka rasuwa. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Rabona da kai shekara huɗu, kuma laifin ba naka ba ne.

Kai ka kafa ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo, shi ya sa kowa Darakta yake ce maka. Shekara goma muna yawon neman tallafi, har ranar da wani attajiri ya shanya mu awa biyar a ƙofar gidansa, sannan ya aiko direbansa da kuɗin mota. A hanya ka ce, "Daga yau mun daina roƙo."

Ka sayar da babur ɗinka, ka sayo kujerun roba sittin da lasifika biyu, muka shiga ba da haya. Da hannunka kake wanke kujerun. Da ribar aka yi wa zauren atisaye rufi, 'yan wasa suka fara karɓar albashi. Lokacin da matata ta kwanta asibiti, wata uku kana ba ni naka kason, ba wanda ya ji.

Da kuɗi suka zauna, sai wasan ya zame mana kaya. Masu biki suna son zauren ranar Asabar, kai kuma ka dage Asabar ta wasa ce, ko 'yan kallo goma ne. Ma'aji ya kira taro, ya ce maka, "Darakta, tsufa ya kama ka. Wasanka ko ƙwan fitila ba ya saya mana." Aka yi dariya. Aka ce masu son a sauke ka su ɗaga hannu. Ka bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Da ka zo kaina, hannuna yana sama. Ka ajiye makullai a tebur, ka ce a riƙa rufe tagar baya, ruwa yana jiƙa kayan wasa.

Tun ranar ba a ƙara yin wasa a zauren ba. Da ciwon ƙoda ya kwantar da kai, iyalinka suka rubuto neman taimako. Aka amsa cewa dokar ƙungiya ba ta tanadi komai ga wanda ya bar ta ba. Ni na buga takardar.

Jiya na je gaisuwa. Matarka ta tambayi ko wane ne, 'yarka ta ce, "Abokin Baba ne." Matar taka ta dube ni ta ce, "Abokansa duk sun zo tun yana da rai."

Allah Ya jiƙanka, Darakta, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka makwancinka. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka da 'ya'yanka, ko da ba za su karɓa daga bakina ba. Allah Ya ba su haƙuri. Mu kuma, Allah Ya sa ka yafe mana kafin ka cika.