Baba Bai San Ƙanƙara Ba, Amma Ya San Taɓo

Wata rana, a farkon sanyin bara, wata 'yar ƙasarmu mai suna Barira ta fito za ta tafi aiki a wani gari na ƙasar Kanada.

Mai haɗa magunguna ce a wani asibiti. Kullum sai ta yi tuƙin kusan awa ɗaya kafin ta isa.

Motarta kuwa, jama'a, sai wanda ya gani. Ja ce, ƙasa-ƙasa, mai ƙofa biyu. In ta tashe ta, har tagogin maƙwabta sai sun amsa. Tayoyinta faffaɗa, a kan wili mai lamba ashirin.

Mahaifinta, Malam Hamidu, ya zo ne a yi masa aikin ido. Tsohon direba ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana hawa da saukar dutsen Mambila da Landiroba, rani da damina.

Amma a nan ba mai tambayarsa komai. Ba ya jin Turanci. Ko ruwan zafi sai an kunna masa.

A safiyar nan ya biyo ta waje cikin rigunan sanyi biyu. Ya durƙusa gaban motar, ya auna faɗin tayar da tafin hannunsa.

Ya ce, "Uwata," don sunan mahaifiyarsa ta ci, "tayar nan ta yi faɗi. Ki nemi siririya kafin farin abin nan ya yi yawa."

Ta yi dariya. "Baba, ai na riga na yi odar tayar sanyi, daidai wannan girman. Kai da sai shekaranjiya ka fara ganin ƙanƙara?"



Ya karkaɗe gwiwarsa, ya koma ciki.

Ba ta yi nisa ba dusar ƙanƙara ta ƙaru. A wata kwana ta juya sitiyari, motar ta ƙi bin ta. Ta taka birki, motar ta yi juyi ɗaya da rabi, ta tsaya a bakin rami.

Wata tirela ta wuce ta inda take daƙiƙa biyar da suka wuce.

Ko ƙwarzane ba ta yi ba. Amma ta daɗe tana salati.

Daga nan sai shagon taya, a hankali kamar mai tafiya a kan ƙwai.

Mai shagon wani dattijon Bature ne mai furfura har a gira. Ya dubi takardar odarta, ya girgiza kai. Ya ce tayar sanyi daidai ce, amma girman ne kuskure. Faffaɗar taya hawa kan dusar take yi ta yi ta yawo. Siririya ce ke tsagawa ta kama kwalta. Ya ce ta sauko zuwa wili mai lamba sha takwas, ta rage faɗi.



Barira ta bar motar a wurin, ta ɗauki tasi zuwa gida. Ta tarar da Baba a bakin taga, carbi a hannu. Ta durƙusa gabansa da takalminta a ƙafa.

"Baba, ka yafe mini. Ta yaya ka sani?"

"Uwata, ni ban san ƙanƙara ba. Amma na san taɓo. Duk abin da ke shiga tsakanin taya da ƙasa, halinsu ɗaya ne."

Tare suka koma shagon.

Da aka ɗaura wili na farko, Malam Hamidu ya ɗaga hannu a dakata. Ya zura yatsu ta bayansa, ya shafa, don ya tabbatar ƙaramin wilin bai gogi birki ba. Baturen ya dube shi, ya cire safar hannu, ya miƙa masa hannu.

Ba mai jin yaren wani. Amma suka tsaya kan tayar nan suna nune-nune da dariya, har sai da Barira ta gaji da tsayuwa.

Ranar Asabar ya sa ta kai shi wani fili da ba motoci. Ya zauna a gaba, ya gyara hularsa.

"Kada ki taka birki kamar kina kashe kunama. Lallaɓa shi. Sake!"

Ta sake.

"Idonki inda za ki, ba inda kike tsoro ba. Sake!"

Mace mai shekara arba'in da ɗaya, mai digiri biyu, tana ta zagaye a fili tana cewa "To, Baba." Sai da ta yi sau tara kafin ya jingina da kujera ya ce, "Yauwa. Yanzu kin fara iya mota."

Darasi: Iyayenmu ba su san duniyar da muke ciki ba, amma sun san wadda ta haife ta. Kafin ka yi wa tsohonka dariya, tambaye shi yadda aka yi ya sani.

In naka yana raye, kira shi yau ka nemi shawararsa, ko a kan ƙaramin abu ne. Ka kuma tura wa wani mai uba ya karanta.