Goggo Mai Ƙuli da Sunan Ɗan Farinta

Duk wanda ya zauna a Kagarawal ya san Goggo mai ƙuli. Ko bai san fuskarta ba, ya san ƙamshin da ke tashi daga gidanta. Bafulatana ce daga wani ƙauye a ƙasar Dukku, aure ya kawo ta Gombe tun rabin unguwar gonaki ne. Mijinta, Malam Bubayero, masinja ne a wata ma'aikata. Ya yi ta kai takardu har ƙafa ta gaji, ya rasu ya bar mata ɗaki biyu da zaure. Ita kuwa gyaɗa ta riƙe. Ta soya, ta kai inji, ta dawo ta yi ta juya tunkuza har mai ya tsatso, ta mulmula ƙuli ta jefa a kasko. Da wannan ta aurar da 'ya'yanta mata, ba ta taɓa zuwa ƙofar kowa da kuka ba.

Ɗa namiji ɗaya gare ta, shi ne kuma na fari, Suhaibu. Goggo ba ta taɓa kama sunansa ba. Haka aka raine ta: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ba a cewa "ɗana". Da aka yaye shi, kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi zuwa ƙauye, can ya girma, shi ya sa yake ce mata Goggo kamar kowa. In za ta yi maganarsa sai ta ce "wancan", ko "mutumin Mubi", don can ya zauna yana gyaran keken ɗinki. Akwai wani mai awo a kasuwa mai irin sunan, ta daina sayen gyaɗa wurinsa don kada wata rana baki ya suɓuce. Wanda bai sani ba sai ya ce ba ta ƙaunarsa. Amma duk Sallah in ya zo, man farko, mai kyan, shi ake ɗurawa a galan a ajiye a zaure, ba tare da an ce na wane ne ba.

Katanga ɗaya ce tsakaninta da Margaret, 'yar Kaltungo, tsohuwar malamar firamare. Duk unguwa Maman Jesse ake ce mata, da sunan ɗanta na fari, ita kanta kuma in ta ƙwala masa kira har bakin titi ana ji. Goggo na ganin wannan rashin ta-ido ne. Maman Jesse na ganin na Goggo wahalar da kai ne. Shekara da shekaru suna wannan gardama ta saman katanga, suna miƙa wa juna gishiri da garwashi.

Sai bama-bamai suka shigo Gombe. Aka tashi na tasha, aka tashi na kasuwa. Wata mai sayen mai a wurin Goggo ta fita cefane, ba ta dawo ba. Tsoro dai an ji shi, ba mai musun wannan. Aka jibge buhunan yashi a tituna. Mai babur ya sauka ya tura, fasinja ya ɗaga hannu sama ya wuce kamar wanda aka kama da akuyar mutane. A ƙofar kasuwa a laluba mace har ƙullin zani. A karɓi wayar magidanci a karanta saƙon matarsa yana tsaye. Goggo ba ta taɓa ƙorafi ba. Ita ce ma mai ɗage hijabi tun ba a ce ba.

"A bincika kowa," in ji ta. "Wanda ba shi da komai a ciki, me zai ji tsoro?"

"Ni ba ni da komai a ciki," in ji Maman Jesse, "amma ba na son ƙaton banza yana tsoma sanda a kular abincina. Jiya har miyar ya shinshina. Na ce masa ko in zuba maka ne?"

Aka kafa kwamitin tsaro na unguwa. Shugabansa Malam Bamanga ne, tsohon akawu da ya yi ritaya, wanda ya daɗe yana neman abin da zai shugabanta. Ya tara maza a ƙofar gidan mai unguwa, ya ce daga yau duk baƙon da ya kwana a layin nan, musamman wanda ya taho daga gabas, a sanar da hukuma, ga lambar waya. Mata na ji daga cikin gidaje. Goggo ta sa masa albarka, har ta aika masa da ƙuli a leda.

Da Mubi ta faɗa hannun 'yan ta'adda, Suhaibu ya gudo ta daji da ƙafa. Ya iso Gombe a rame, gemu ya cika fuska, babu katin shaida, babu komai sai waya da 'yar jakar kayan gyara. Goggo ta gan shi a bakin zaure. Ta juya baya, ta ce wa tsakar gida, "A ba baƙo ruwa." Babu kowa a gidan sai ita. Ita ta ɗebo, ta ajiye, ta shige ɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

Washegari da hantsi, gyaɗa na kan wuta, motar sintiri ta tsaya a ƙofar gida. Bamanga ya san Suhaibu sarai, sun sha haɗa sahu a filin Idi. Amma doka ta ce a sanar, kuma tun da aka kafa kwamitin bai samu ko mutum ɗaya da zai sanar ba.

Aka fito da Suhaibu, aka zazzage jakar a ƙasa: sukundireba, 'yan wayoyin lantarki, kwalbar mai. Jami'in da ke gaba matashi ne, ba ɗan ƙasar nan ba, Hausarsa ta bariki ce. Ya daɗe yana kallon wayoyin lantarkin. Kafin nan maza sun cika layi. Ya ce a kira matar gidan.

"Mama, wannan mutum ya ce ke uwarsa ce. Ɗanki ne?"

Goggo ta ɗaga ido. Ga mai unguwa, ga liman, ga abokan marigayi mijinta. Ta ja gefen hijabi ta rufe baki, ta kafa wa katanga ido.

"Ɗan mutane ne," ta ce a hankali.

Duk uwar da aka raina yadda aka raine ta haka za ta ce. Duk wanda ke tsaye a wurin ya san abin da take nufi, ban da mai bindigar.

"To mene ne sunansa?"



"Goggo," in ji Suhaibu, "don Allah ki gaya musu."

Goggo ta ƙara jan hijabi. Ta ɗauka wani zai amsa, don haka ake yi: uwa ta yi shiru, na gefe ya faɗa. Jimla ɗaya ta isa. Liman ya duba carbinsa. Mai unguwa ya tuna yana da saƙo a waya. Bamanga ya ɗaga kai sama kamar mai duban wata da rana tsaka. Maza, da gemu da rawani, waɗanda suka ci tuwon gidan nan ranar sadakar bakwai ta mijinta! Amma a kwanakin kowa ya san wanda ya yi wa abin zargi shaida, akwai sauran wuri a bayan mota. Maman Jesse kuwa tana coci wajen taron zumuntar mata.

Aka jefa Suhaibu a mota aka tafi. Gyaɗa ta ƙone ƙurmus, abin da bai taɓa faruwa a gidan ba.

Maman Jesse ta shigo ko sallama babu, da ɗankwalin zumunta a kanta.

"Goggo, me nake ji? Ɗan mutane? Waɗanne mutanen? Ko ni na haife shi ban sani ba?"

"A gaban liman fa, Maman Jesse. A gaban maza."

"To liman ɗin ya je ya karɓo shi mana! Tashi ki sa takalmi."

Suka shiga bin ofisoshi. Nan a ce ba ya nan, can a ce ba a san da zancen ba. A kowace ƙofa sai an lalube su, an karɓe wayoyinsu, an bar su a rana. Maman Jesse ke magana da Turancinta na malamai, Goggo na bayanta kamar wadda ta rako. Goggo ta daina suya. Masu sayen mai suka daina zuwa tun ba ta ce ba ta da shi ba, don ba wanda ke so a ga ƙafarsa a gidan da mota ta tsaya.

Daga ƙarshe wani ɗan cocin su Maman Jesse ya tsegunta mata inda yake. Ya ce ana shirin kwashe duk waɗanda ba a zo an shaide su ba zuwa wani gari, can inda ko tambaya ba a yi. In ana so ya tsira, uwarsa ta zo da bakinta ta ce nata ne, ta faɗi sunansa da na ubansa. Sunan uban ma! Mutumin da ta zauna da shi har ta ga an ɗauki gawarsa ba ta taɓa kama sunansa ba.

A cikin keke napep Maman Jesse ta koma malama.

"Gwada mu ji. Su-hai-bu. 'Yan aji ɗaya na koya wa abin da ya fi wannan wuya."

Goggo ta motsa leɓe, ba abin da ya fito.

"Ban ji ba."

"Na faɗa a zuci."

"Zuci ba ya fito da mutum daga kulle, Goggo. In kin ga dama ki rufe ido, ki ɗauka ɗan maƙwabta ne."

Aka shigar da su wani ɗaki mai fanka. Wani babban jami'i na zaune yana shan shayi, yana latsa wata waya. Goggo ta gane wayar tun daga ƙofa. Aka shigo da Suhaibu ba takalmi, da rigar da aka tafi da shi. Ba ta dube shi ba, amma ta ga yadda yake taka ƙafar hagu.

"To, Mama," in ji jami'in, "wane ne wannan?"

Abin ya fito da ƙarfin da ba ta yi niyya ba, don ba ta taɓa auna nauyinsa a baki ba.

"Suhaibu ne! Suhaibu Bubayero! Ɗana ne, ni na haife shi, da damina, a ɗakin uwata. Shi ne na fari."

Har masu gadi suka leƙo. Suhaibu ya sunkuyar da kai. Ya kusa shekara arba'in bai taɓa jin sunansa da wannan murya ba, kuma ga inda ya ji shi.

Jami'in bai ɗago daga wayar ba.

"Mun sani, Mama. Tun ranar farko. Rajistar layinsa na nan da hotonsa, da duk wanda ya kira, da duk inda ya kwana a hanya. Mai gyaran keken ɗinki ne."

"Kun sani?" in ji Maman Jesse. "To me ya sa kuka riƙe shi? Me ya sa kuka sa tsohuwar nan..."

"Ƙa'ida ce, Madam. Sai an shaide shi." Ya kurɓi shayi. "Ku je, za a sake shi in an gama."

An sake shi, bayan an gama ko mene ne ake gamawa. Wayar ba ta dawo ba, jakar ma haka. Ba wanda ya ce a yi haƙuri. Maza suka cika zaure da barka da arziki, liman ya yi doguwar addu'a. Bamanga ma ya zo, ya tsaya daga bakin ƙofa ya ɗaga murya don a ji a ciki.

"Goggo, kin ga amfanin bincike ko? Ai ga shi gaskiya ta fito."

Tun daga ranar Goggo ba ta sake kama sunan Bamanga ba, in ya zama dole sai ta ce "wancan". Shi ya ɗauka girmamawa ce, har yana faɗa a majalisa.

Yanzu an kwashe buhunan yashi, masu babur sun daina turawa. Suhaibu bai koma Mubi ba, a zauren gidan ya kafa teburinsa, telolin Kagarawal da na unguwar Malam Inna na kawo masa kekuna. Goggo ta koma kan gyaɗarta, sai dai jikarta, 'yar autarta Jamilatu, ke taya ta juya tunkuza don hannu ya yi rauni. Ba ta ƙara cewa a bincika kowa ba. Ba ta kuma ce kada a bincika ba. In Maman Jesse ta tayar da zancen ta saman katanga, sai Goggo ta tambaye ta ko tana da garwashi.

Abu ɗaya ne ya zauna mata. Duk motar da ta tsaya a ƙofar gida da mutum mai kaki a ciki, ko mai duba mitar wuta ne, ko masu allurar rigakafi, Goggo za ta bar kasko a wuta ta fito da ludayi a hannu, tun ba a yi sallama ba.

"Suhaibu ne. Suhaibu Bubayero. Ɗana ne, ni na haife shi."

Kwanan baya ta yi wa wani mai kawo saƙo haka, a gaban teloli. Da mutumin ya tafi, Suhaibu ya ajiye sukundireba ya bi ta har bakin murhu.

"Goggo, don girman Allah ki daina. Ba wanda ya tambaya. Wallahi kunya nake ji."

Ta tsame ƙulin da ya fara duhu, ta zuba a kwando, ba ta dube shi ba.

"Ni ma," ta ce.